Allurar RNA Domin Ciwon Dajin da Ya Yi Nisa: Tambayoyi da Amsoshi

Mene ne wannan magani da ake ta maganarsa?

Kusan kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana ɗauke da DNA, wato kundin da aka rubuta yadda za a ƙera kowane furotin. Kundin ba ya barin tsakiyar ƙwayar. Idan ana bukatar wani furotin, sai a kwafi shafin da ya shafe shi a aika da kwafin wajen da ake ƙirar. Wannan kwafin shi ne mRNA, ɗan aike ne da ake karantawa sannan ya narke cikin sa'o'i ko 'yan kwanaki.

Masu bincike sun koyi rubuta irin wannan saƙo a ɗakin gwaji. A maganin ciwon daji, saƙon yana umartar jiki ya ƙera wasu gutsattsarin furotin masu kama da waɗanda ke jikin ƙwayoyin ciwon dajin, wato kansa ko sankara. Akwai wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira dandiritik, aikinsu kai rahoto. Su ne ke haɗiye saƙon, su ƙera gutsattsarin, su kai su kaluluwa ko saifa, su nuna wa ƙwayoyin da ake kira T. Ƙwayoyin T su ne mayaƙan. Da zarar sun gane alamar, sai su hayayyafa su bazu cikin jini suna neman duk ƙwayar da ke ɗauke da ita. Allurar ba ta kashe kansa da kanta kamar yadda kemo ke yi. Garkuwar jikin marar lafiya ce ke yin aikin, shi ya sa ƙarfin garkuwar ke da muhimmanci sosai.

Da farko jiki kan ɗauki mRNA da aka haɗa a waje a matsayin baƙo, ya tayar da kumburi ya lalata shi. A 2005 Katalin Karikó da Drew Weissman na Jami'ar Pennsylvania suka nuna cewa sauya ɗaya daga cikin haruffan saƙon yana rage wannan tarzoma, kuma aikin ne ya ba su kyautar Nobel a 2023. Kamfanin BioNTech da ke birnin Mainz a Jamus, wanda Uğur Şahin da Özlem Türeci ke cikin waɗanda suka kafa shi a 2008, tun asali ciwon daji ya sa a gaba. Korona ce ta zo daga baya.

Idan allurar rigakafi ce, me ya sa ake yi wa wanda ya riga ya kamu?

Sunan ne ke rikitarwa. Rigakafin kansa na ainihi yana nan: allurar HPV da Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a Oktoban 2023 tana kare su daga ƙwayar cutar da ke jawo sankarar bakin mahaifa, allurar ciwon hanta nau'in B kuma tana rage sankarar hanta. Waɗannan masu lafiya ake yi wa. Ita kuwa ta RNA magani ce, ana yin ta ga wanda aka tabbatar yana da cutar. Abin da ya haɗa su kawai shi ne dukkansu horar da garkuwar jiki suke yi.

Me ake nufi da ƙari mai tauri, da kuma "ya yi nisa"?

Ƙari mai tauri shi ne kansar da ke yin dunƙule a wata gaɓa: nono, huhu, hanji, hanta, mafitsara, ƙoda, fata, bakin mahaifa. An bambanta shi da kansar jini. Ana cewa ya yi nisa idan ya cinye kewayensa har ba a iya cire shi da tiyata, ko ya yi tsalle zuwa wata gaɓa, wato mataki na 4.

An amince da shi? Ana samunsa a asibiti?

Har zuwa ƙarshen 2025, hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, da hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ba su amince da ko ɗaya daga cikin allurorin mRNA na kansa ba. Ana samunsu ne a cikin gwajin asibiti kawai. Duk wanda ya zo da kwalba ya ce ga ta a saya, damfara ce, a kai ƙararsa NAFDAC ko hukumar magunguna ta ƙasar da ake.

Iri nawa ne?

Mafi shahara shi ne wanda ake ɗinka wa kowane mutum nasa. Kansar kowa tana da kurakuran DNA nata, wasu kurakuran kuma suna haifar da furotin da babu irinsa a sauran jiki. Waɗannan sababbin alamomi ake farauta. Na kamfanonin Moderna da Merck, mai lamba mRNA-4157 ko V940, yana ɗaukar alamomi har 34, ana yinsa a tsoka. Na BioNTech da Genentech, autogene cevumeran, yana ɗaukar har 20, ana sa shi ta jijiya.

Na biyu shi ne na kowa da kowa, wanda aka haɗa tun kafin marar lafiya ya zo. Yana ɗauke da alamomin da masu irin kansa ɗaya suka yi tarayya a kansu. BNT111 na sankarar fata yana da alamomi huɗu, BNT116 na sankarar huhu yana da shida. Amfaninsa babu jira. Rauninsa kuma, wasu alamomin akwai ɗan burbushinsu a lafiyayyen jiki, don haka garkuwa ta saba da su, ba ta cika yi musu zafi ba.

Akwai mRNA-4359 na Moderna, mai dabara ta daban. Yana horar da ƙwayoyin T su kai hari kan ƙwayoyin da ke ɗauke da PD-L1 da IDO1, furotin biyu da ƙari ke fakewa da su don ya kashe wa garkuwa gwiwa. Sai kuma wanda ake tsirawa cikin ƙarin kai tsaye don ya sa shi fitar da sinadaran kiran garkuwa irin su IL-12, da wanda ake haɗawa da ƙwayoyin T da aka sauya a ɗakin gwaji, kamar BNT211.

Yaya ake haɗa na mutum ɗaya, kuma a ina aikin ke lalacewa?

Ana farawa da tsoka biyu: yankin ƙarin da aka ciro a tiyata ko da allurar ɗibar tsoka, da kuma jinin marar lafiya. Ana karanta DNA na duka biyun a kwatanta. Abin da ke cikin ƙari amma babu shi a jini, shi ne kuskuren kansa. Sannan a karanta RNA na ƙarin, domin kuskuren da ƙwayar ba ta aiki da shi ba zai fito a matsayin furotin ba, kuma ba shi da amfani.

Daga nan a duba nau'in HLA na mutumin. HLA kamar faifai ne da kusan kowace ƙwaya ke ɗora gutsattsarin furotin a kai ta nuna wa garkuwa, kuma siffar faifan ta bambanta daga mutum zuwa mutum. Kwamfuta ce ke hasashen wane gutsure zai zauna daram a faifan wane. A zaɓi mafi kyawu, a jera su cikin saƙo guda, a sa masa hula a gaba da dogon jela a baya don kada ya narke da wuri. Ana haɗa shi a cikin kwalba da wani sinadari mai kwafa, ba a bukatar rayayyun ƙwayoyi. A tace, a naɗe shi cikin ƙwanson maiƙo, a gwada tsabtarsa, a daskarar, a aika. A na Moderna ƙwanson na da sinadarai huɗu. Na BioNTech an daidaita cajin lantarkinsa yadda zai nufi saifa.

Duk wannan kan ci wajen mako shida zuwa tara. Ga inda ake samun cikas. Wani lokaci tsokar da aka ciro ta yi kaɗan, ko mafi yawanta mataccen nama ne. Wani lokaci ta daɗe a fomalin, wato ruwan da ake adana tsoka a ciki, har RNA ɗinta ya lalace. Wani ƙarin kurakuransa kaɗan ne, ba a samun alamomin kirki. Hasashen kwamfuta ma ba cikakke ba ne, domin kaɗan ne daga cikin alamomin da aka zaɓa ke tayar da garkuwa a zahiri. Mafi ciwo shi ne lokaci: mai cutar da ke gudu yana iya raunana kafin allurarsa ta iso. A gwajin sankarar fankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi, da aka yi a asibitin Memorial Sloan Kettering na New York, mutum 34 aka ɗauka, 28 aka yi wa tiyata, 16 ne suka kai ga allurar.

Me ya sa kusan kullum ake haɗa shi da wani magani?

Ƙwayoyin T suna da birki, wani furotin mai suna PD-1, wanda Allah Ya sa musu don kada su afka wa lafiyayyen jiki. Ƙari yakan fitar da PD-L1 ya taka musu wannan birki. Magunguna irin su pembrolizumab da atezolizumab suna hana shi takawa, kuma James Allison da Tasuku Honjo sun samu Nobel a 2018 kan gano irin wannan hanya. Allurar RNA tana samar da mayaƙa masu sanin abokin gaba, maganin birkin kuma yana sake su. Ɗaya ba ya cika isa shi kaɗai.

Me gwaje-gwaje suka nuna zuwa yanzu?

Sakamako mafi ƙarfi ya fito ne daga gwajin KEYNOTE-942, wanda mujallar Lancet ta buga a farkon 2024. Mutum 157 ne masu melanoma, wato muguwar sankarar fata, kuma dukkansu an riga an cire musu ƙarin gaba ɗaya. An ba 107 allurar V940, miligiram 1 duk bayan mako uku har sau tara, tare da pembrolizumab miligiram 200 duk mako uku har sau 18. Sauran 50 pembrolizumab kaɗai suka samu. Bayan wata 18, kashi 79 cikin ɗari na rukunin farko cutar ba ta dawo musu ba, a ɗaya rukunin kuwa kashi 62. Haɗarin dawowar cuta ko mutuwa ya ragu da kashi 44, da aka ƙara bibiya zuwa wajen shekara uku ya kai 49. An fara babban gwaji na mataki na uku a 2023 da mutum fiye da dubu.

A gwajin fankiriyas da Dakta Vinod Balachandran ya jagoranta, takwas cikin 16 ne garkuwarsu ta amsa. Bayan fiye da shekara uku, shida daga cikin takwas ɗin cutar ba ta dawo ba, a cikin takwas da ba su amsa ba kuwa ta dawo wa bakwai. Ga wanda ya san yadda wannan kansa take komowa da sauri, wannan abin a tsaya a duba ne. Amma mutum 16 ne kacal, kuma babu rukunin kwatanci. An lura cewa da yawa daga waɗanda ba su amsa ba an cire musu saifa a tiyata, ga shi kuwa saifar ce allurar ke nufa.

A lura da kyau: duka waɗannan biyun, an riga an yanke ƙarin. Idan aka koma ga masu ƙarin da ke nan daram kuma ya bazu, labarin ya sauya. An gwada autogene cevumeran a kan mutum 213 masu kansa iri-iri da ta yi nisa. Kusan bakwai cikin goma na waɗanda aka auna jininsu sun samar da ƙwayoyin T masu gane alamomin, amma kaɗan ne ƙarinsu ya ragu. A taron likitocin kansa na Turai a Barcelona, Satumban 2024, an gabatar da sakamakon farko na mRNA-4359: mutum 19 aka yi wa, aka iya auna 16, takwas daga ciki ƙarinsu bai ƙaru ba a lokacin aunawa. Bai ƙaru ba ke nan, ba a ce ya ragu ba. Wannan shi ne abin da muke so mai karatu ya riƙe, domin kanun labarai sukan haɗe motsin garkuwa da warkewa. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

To me ya sa ya fi wuya idan cutar ta yi nisa?

Yawa na farko. Ƙari mai faɗin santimita ɗaya yana iya ɗaukar ƙwayoyi ɗaruruwan miliyoyi, balle wanda ya kai girman lemo ya kuma bazu. Na biyu, babban ƙari yakan gina wa kansa ganuwa: nama mai tauri, jijiyoyin jini marasa tsari, ƙarancin iska, da wasu ƙwayoyin garkuwa da ya juya su suka koma masu gadinsa. Na uku, ƙwayoyinsa ba iri ɗaya ba ne. Alamar da aka gani a tsokar da aka ɗiba daga hanji ba lallai ta kasance a ƙarin da ya je hanta ba. Wasu ƙwayoyin ma sukan daina fitar da faifan HLA ɗungurungum, sai su ɓace wa ƙwayoyin T. Ƙari a kan haka, wanda ya sha kemo zagaye da yawa garkuwarsa ta gaji. Shi ya sa manyan gwaje-gwajen suka karkata zuwa bayan tiyata, lokacin da abin da ya rage 'yan ƙwayoyi ne da hoto ba ya gani.

Wane lahani yake da shi?

Allurar kanta takan kawo abin da ya yi kama da mura ko zazzaɓi: gajiya, ciwo a wajen allura, jin sanyi da makyarkyata, ciwon kai da na gaɓoɓi. A KEYNOTE-942 wajen shida cikin goma sun yi gajiya, rabi sun yi makyarkyata. Yawanci yakan wuce cikin kwana ɗaya zuwa uku. Wadda ake sawa ta jijiya takan kawo zazzaɓi cikin 'yan sa'o'i, shi ya sa ake riƙe mutum a asibiti a sa masa ido. Lahani mai tsanani ya samu kashi 25 na masu haɗin magani, da kashi 18 na masu pembrolizumab kaɗai.

Abin da ya fi bukatar kulawa shi ne na maganin birki, domin garkuwar da aka sake tana iya afka wa hanji, huhu, hanta, fata ko tayirod, wata gaɓa da ke wuya, wani lokaci har ta jawo ciwon suga farat ɗaya. Yana iya bayyana ko bayan watanni da daina magani. Gudawa sau huɗu ko fiye a kan yadda aka saba a rana, jini a bayan gida, sabon tari ko haki, idanu su yi rawaya, ƙishirwa da yawan fitsari: a kira likitan gwajin a ranar. Kada a sayi maganin tsayar da gudawa a kemis a yi shiru, domin kumburin hanji irin wannan yana iya huda hanjin. Zazzaɓin da ya kai digiri 38 kuma a sa likita ya bincika, kada a ɗauka allura ce kawai ko maleriya ce kawai.

Zai iya sauya mini DNA ko ya shafi 'ya'yana?

A'a. Saƙon ba ya shiga tsakiyar ƙwaya inda DNA yake, kuma yakan narke cikin kwanaki. Ana hana ɗaukar ciki lokacin gwaji, kamar yadda ake yi a kusan kowane sabon maganin kansa.

Sakamakon da aka samu a Turai da Amurka zai yi aiki a kan baƙar fata?

Tambaya ce mai nauyi. Melanomar Turawa yawanci rana ce ke jawo ta, kuma tana cike da kurakuran DNA, don haka alamomi sun wadata. Wadda ta fi kama baƙar fata takan fito a tafin ƙafa, tafin hannu ko ƙarƙashin farce, kurakuranta kuma sun fi ƙaranci. Haka nan manhajojin da ke hasashen HLA an fi horar da su da bayanan mutanen da asalinsu Turai ne, alhali mutanen Afirka sun fi kowa bambancin HLA. Hanyar aikin ɗaya ce a jikin kowane ɗan Adam, amma kafin a ɗora mana alƙaluman wancan gwaji, wajibi ne a shigar da mutanenmu cikin binciken.

Wa ake ɗauka a gwaji?

Kowane gwaji da sharuɗɗansa, amma akwai na gama-gari. Dole a sami rahoton gwajin tsoka da ya tabbatar da irin kansar. Mutum ya kasance yana iya tafiya da hidimar kansa, abin da likitoci ke kira ECOG 0 ko 1. Jini, hanta da ƙoda su kasance cikin ƙima. A gwajin mataki na ɗaya galibi sai wanda magungunan da aka sani suka gaza masa, kuma burin wannan mataki shi ne gano adadin da jiki zai jure. Ba a cika ɗaukar wanda aka yi wa dashen gaɓa ba, ko mai cutar da garkuwa ke cin jiki, ko mai shan maganin kumburi prednisolone fiye da miligiram 10 a rana, ko wanda kansa ta je ƙwaƙwalwarsa ba a shawo kanta ba. Ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a yankinmu, yakan hana shiga idan yana aiki, wasu gwaje-gwajen kuma suna karɓa idan ana shan magani ƙwayar ta kwanta. Gara a auna tun wuri.

Bayan an shiga, ana ɗaukar hoton CT kamar duk mako shida zuwa tara. Idan jimillar faɗin ƙarin ta ragu da kashi 30 an ce ya amsa, idan ta ƙaru da kashi 20 an ce ya ci gaba. Mai shiga yana da 'yancin fita duk lokacin da ya so.

Ana iya shiga daga Nijeriya, Nijar ko Ghana?

Mafi yawan cibiyoyin waɗannan gwaje-gwaje suna Amurka, Turai, Ostareliya da wasu ƙasashen Asiya. A Ingila ma, shirin da hukumar lafiya ta NHS ta buɗe a 2024 bisa yarjejeniyar kai wa mutum 10,000 nan da 2030, na masu jinya a tsarinta ne. Kamfani kan ɗauki nauyin maganin gwajin, amma biza, masauki da sauran jinya sukan faɗo kan iyali, kuma zaman na watanni ne tunda allurar duk mako uku ce ko ma kowane mako. Likitan da ke kula da marar lafiya shi ne zai duba rajistar ClinicalTrials.gov ya rubuta wa cibiyar. Kada a sayar da gona ko gida a kama hanya kafin cibiya ta amsa a rubuce. Gwajin gaskiya yana da lambar rajista da takardar amincewar kwamitin ɗa'a, kuma ba ya sayar da gurbi.

Masana'antar da BioNTech ta ƙaddamar a Kigali a Disamban 2023, da shirin Hukumar Lafiya ta Duniya na koyar da fasahar mRNA wanda Nijeriya ta shiga a 2022, an kafa su ne domin rigakafin cututtuka masu yaɗuwa.

Labarin allurar Rasha fa?

An yi ta yaɗa cewa Rasha ta samar da allurar da ke warkar da kansa, amma sanarwar jami'ai daban, sakamakon babban gwaji mai rukunin kwatanci daban. Enteromix da aka yi ta yaɗawa a 2025 ma da ƙwayoyin bairos aka haɗa ta, ba mRNA ba ce. Duk maganin kansa da aka ce yana warkarwa ɗari bisa ɗari, a tambayi mutum nawa aka gwada, da me aka kwatanta, kuma tsawon wane lokaci aka bi su.

In dakata da kemo, tiyata ko gashin ƙari da na'ura in jira wannan?

Kada a dakata ko na mako ɗaya. Duk sakamako mai kyau da muka ambata an same shi ne a kan tiyata, kemo ko maganin birki, kuma wanda ya jinkirta har ya kwanta ya fita daga sharuɗɗan kowane gwaji. Maganin rage zafi da kula da abinci su ma a fara su da wuri, suna cikin abin da ke riƙe mutum a tsaye.

Me iyali za su tanada tun yanzu?

Tsokar. Idan za a yi tiyata ko ɗibar tsoka, a roƙi likita a sa ta cikin fomalin mai kashi 10 nan take, cikin sa'a guda, ruwan ya ninka girmanta aƙalla sau goma, ta kai ɗakin gwaji kafin ta wuce kwana uku a ciki. Kada a zuba ta a ruwan gishiri ko barasar asibiti, kada kuma a tafi da ita gida a binne ba a gwada ba. Ɗakin gwaji zai mayar da ita ɗan dunƙulen kaki mai lamba. A rubuta lambar da sunan ɗakin gwajin, a tambayi yadda ake karɓar dunƙulen idan wata cibiya ta nema, a ajiye shi nesa da rana da zafi. A haɗa da rahoton gwajin tsokar, hotunan CT a faifai tare da rahotonsu, sakamakon gwajin ciwon hanta da na HIV, da jerin duk kemon da aka sha: sunansa, adadinsa, zagaye nawa, da ranar da aka fara da ranar da aka gama.